Katin banki: na zurawa ko na ɗorawa?

Tambaya: Wa'adin katina na ATM ya kusa cika. A banki sun ce akwai wanda ɗora shi kawai ake yi a kan POS ya biya. Tsorona kada a zare mini kuɗi a cunkoson kasuwa, kati yana cikin jaka. In karɓa?
Wata 'yar kasuwa, Kano

Amsa: Hajiya, ki karɓa, hankalinki kwance.

Ɗan ƙarfen nan mai ruwan zinare da ke fuskar kati, a ƙarƙashinsa akwai 'yar mitsitsiyar kwamfuta marar batir. Sai an zura kati na'ura ta ba shi wuta ya farka, kuma shi ke fara magana: ya turo lambobin da ke bayyana tsarin da za a bi a zanta da shi. Sannan na'ura ta nemi sanin ko Verve ne, ko Visa, ko Mastercard, domin kowanne da lambarsa. In an zo biya, sai kati ya haɗa adadin kuɗin da wani mabuɗin sirri da ba ya taɓa fita daga cikinsa, ya fitar da sabuwar lamba wadda banki zai tantance. Lambar nan ba ta aiki sau biyu. Shi ya sa kwafarsa ke da wuya, saɓanin baƙin layin bayan kati da bayanansa ba sa canzawa.

Na ɗorawa ma zancen ɗaya ne, sai dai ta wata siririyar waya da aka naɗe a cikin robar katin, kuma sai na'ura ta matso kusan santimita 4. A 2023 Babban Bankin Najeriya ya ƙayyade irin wannan biya a naira 15,000 a lokaci guda, 50,000 a rana. Abin da ya haura sai an tabbatar ke ce, galibi da PIN.

Abin da ya fi damuna shi ne katin ya ɓace, don wanda ya tsinta zai iya ƙananan sayayya. Ki kunna alat, ki haddace lambar toshe kati ta bankinki. Walat ɗin da ake tallatawa wai tana kare kati kuwa, ba dole ba ce.

Tambaya: Na'urata tana yawan ƙin karanta kati. In sayi sabuwa?
Wani mai POS, Gusau

Amsa: Malam, dakata tukuna. Sau da yawa datti ne ko maiƙo a kan ƙarfen katin. A goge da busasshen ƙyalle, ban da yawu. In ta karanta wasu katunan, laifin na katin ne. In duk ta ƙi, ka mayar wa kamfanin da ya ba ka su duba ramin.