Wasanmu na barkwanci mai ɗaci ya ƙi ba da dariya, ya zan yi?

Tambaya: Salam Malam. Ni ɗaliba ce, an ɗora mini daraktan wasan kwaikwayon da ajinmu zai yi ƙarshen zango. Labarin wasu 'yan'uwa uku ne da mahaifinsu ya rasu suka ɓoye gawar don su ci gaba da karɓar fanshonsa. A takarda akwai dariya sosai, amma a rihazal ko dai ya koma shirme ko ya koma kamar zaman makoki. Dan Allah ya zan yi, kuma wane irin dandamali da fitilu suka dace?

Amsa: Wa alaikumus salam ƙanwata. Ko ban ga rihazal ɗinku ba na san ciwon, 'yan wasanki sun san abin dariya suke yi, shi ne ya kashe wasan. Da zarar ɗan wasa ya fara zare ido yana murguɗa baki yana satar kallon 'yan kallo wai ko sun yi dariya, to shikenan an gama. Su waɗannan 'yan'uwa ukun a wurinsu babu wani abin dariya, tsoron asiri ya tonu ne ya cika musu ciki, dariyar tamu ce mu da muke zaune muna ganin yadda suka mai da abin tashin hankali kamar aikin yau da kullum.

Gwada wannan. Ɗauki wurin da za su matsar da gawar, ki ce biyu daga cikinsu su yi gardama da gaske a kan wa zai riƙe kai wa zai riƙe ƙafa, babban yana cewa bayansa ke ciwo ƙaramin yana cewa kullum shi ake bar wa mai nauyi, babu murmushi babu ɗaga murya, sai a ƙwanƙwasa ƙofa su daskare. Ki ƙirga uku a zuci kafin kowa ya motsa. Wannan shirun shi ke fitar da dariyar, kuma ɗalibai na tsoronsa wallahi, sauri suke su cike shi da surutu. Ki koya musu kuma in an fashe da dariya su jira ta fara sauka kafin su ci gaba da magana, in ba haka ba layin da ke biye ya ɓace.

Sannan ki bar wuri ɗaya da dariya za ta tsaya cak, misali autarsu ta gyara wa mamacin wuyan rigarsa tana hawaye. In babu wannan ɗacin ya tafi, saura barkwanci zalla.

Dandamali kuwa kar ki wahalar da kanki da baƙin labule da hayaƙi. Falo na kowa da kowa ya isa, kujera, agogon bango, ƙofa biyu in zai yiwu saboda shiga da fita, sai abu ɗaya kacal da bai zauna daidai ba, kamar takalmi yana leƙowa daga ƙasan kujera. Fitila ma haka, haske tas. Akwai tsarin da Stanley McCandless, malamin hasken dandamali a Jami'ar Yale ta Amurka, ya fitar a 1932, fitila biyu daga sama hagu da dama, kowace a kusurwar digiri 45, ɗaya mai ɗan ja-ja ɗaya mai ɗan shuɗi, fuska na fitowa sarai. Kina buƙatar haka tunda rabin wasan a fuska yake. Haske daga ƙasa yana sa fuska ta yi ban tsoro, ki ajiye shi don wuri ɗaya in ma za ki yi amfani da shi.

Gawar kuwa ɗan wasa mai rai ne zai fi dacewa ya fito a matsayinta, ba 'yar tsana ba, amma ku yi ta gwajin ɗaukarsa a hankali a kan katifa tukunna, kuma shi ke da ikon cewa a tsaya. Wuƙar gaske kam kar ta hau dandamali ko da dakusasshiya ce.

Saura mako guda a yi wasan ki gayyato mutum goma da ba su san labarin ba, ki zauna can baya da biro, ki rubuta inda suka yi dariya da inda suka fara taɓa waya.