Ku Tambaye Mu: Me ya sa Amurkawa ke tseren mota a filin ƙasa?

TAMBAYA: Salam. Don Allah ina yawan ganin bidiyo a Facebook, wasu ƙananan motoci masu wani faifai a kai suna zagaye fili cikin ƙura, motar na tafiya a karkace kamar za ta kife, wai kuma a Amurka ne. Su da ke da kuɗi me ya hana su zuba kwalta? Daga wani mai karatu a Gusau.

AMSA: Wa'alaikumussalam malam. Ai ba rashin kuɗi ba ne, da gangan suke barin filin ba kwalta, ranar da aka zuba kwalta to 'yan kallon ma watsewa za su yi. Irin waɗannan filaye suna nan birjik a ƙauyukan Amurka, yawanci daren Juma'a ko Asabar ake yi, manoma da kanikawa kowa ya jawo motar da ya haɗa a garejinsa.

Bari in ba ka labarin guda ɗaya, Eldora, da ke kusa da ƙauyen Rossburg a jihar Ohayo, ƙauyen da mutanensa ko 300 ba su kai ba, ko'ina ka duba gonaki ne. Wani makaɗi mai suna Earl Baltes da ke da gidan rawa a wurin shi ya share fili a 1954, zagayensa kwatan mil kacal, ya yi ta faɗaɗa shi har ya kai rabin mil a 1958, wato kamar mita 800. Mutumin ya san kan talla gaskiya, a 1971 ya ƙirƙiro gasar World 100 wadda har yau ake yi duk shekara, a 2001 kuma ya sa kyautar dala miliyan ɗaya ga wanda ya zo na ɗaya, Donnie Moran ya kwashe. A 2004 ya sayar wa Tony Stewart, zakaran NASCAR, wato babbar hukumar shirya tseren motoci ta Amurka, shi ma bai zuba kwalta ba, sai ma NASCAR ɗin ce ta biyo shi da motocinta a 2013, rabonta da babbar gasa a filin ƙasa tun 1970.

To ita ƙasar fa ba turɓaya ba ce, yumɓu ne, kuma aikinta ya fi na kwalta wahala, sai an bi ta da gireda, tankar ruwa ta yi ta zagaye tana jiƙa ta, sannan a daddanne. Da farkon dare tana da danshi taya na kamawa sosai, can an jima ta bushe ta yi santsi, ƙasar da tayoyi ke watsawa kuma ta taru a gefen sama ta yi tudu, direba mai zuciya sai ya haura can ya jingina tayar baya da tudun yana taka mai, in ya ɗan kuskure kuwa sai katanga. Kenan hanyar da ta kai ka gaba a zagayen farko ba lallai ta yi maka a na talatin ba, ni kam wannan ne ya sa na fi son sa a kan na kwalta.

Karkacewar da ka gani ma da niyya ce, haka ake shan kwana ba tare da an rage gudu sosai ba, shi ya sa tayar baya ta dama ta fi ta hagu girma tunda hagu kawai ake juyawa. Faifan nan na sama iska ce ke bugunsa ta danne motar ƙasa. Injin na kai ƙarfin doki 900 alhali motar da direbanta duka ba su wuce kilo 700 ba, ba ta da giya irin ta motarka, ba ta tashi da makulli, sai an turo ta da a-kori-kura. Direban kuma ledoji yake jerawa a gilashin hular kwanonsa, in laka ta rufe ido ya fizge ɗaya ya ci gaba. In Allah ya kai ka kallo wata rana kar ka sa fararen kaya.