Kwana uku a Xi'an: me zan gani, ina zan yi salla, me zan ci?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ni ɗan kasuwa ne a Kantin Kwari, shekara shida ke nan ina zuwa Guangzhou sarin yadi. Duk zuwana daga otal sai kasuwa sai wurin masu lodin kwantena. Wannan karon zan zauna kwana uku ina jiran kaya su fito daga masana'anta, wani abokina ya ce in leƙa Xi'an, wai tsohon birnin sarakunansu ne. Kwana uku za su isa? Damuwata abinci da masallaci, kuma na ji an ce abin da ake zuwa kallo a can gumaka ne.

Amsa: Wa alaikumus salam, Alhaji. Za su isa, muddin ba ka ce sai ka ga komai ba. Idan ka cire tafiya da dawowa, abin da ke hannunka yini ɗaya ne cikakke da rabi biyu. Daga Guangzhou jirgin sama yana yin kamar awa biyu da rabi, jirgin ƙasa mai gudu kuwa awa bakwai zuwa takwas, wato ya cinye maka yini guda. Ka hau jirgin sama. Filin jirgin yana Xianyang, kusan kilomita 40 daga cikin gari. Ka kama ɗaki cikin ganuwa, kusa da Hasumiyar Ƙararrawa da ke tsakiyar birnin, domin daga nan da ƙafa za ka isa unguwar Musulmi. Kafin ka biya, ka tabbatar otal ɗin yana karɓar baƙi 'yan ƙasar waje, don ba kowanne ba ne.

Sunan garin ana furta shi "Shi'an", kuma a da Chang'an ake ce masa. Mutanen Sin suna ƙirga gidajen sarauta 13 da suka yi mulki daga wannan yanki. A zamanin daular Tang, daga 618 zuwa 907, mutanen birnin sun kai kusan miliyan ɗaya, kuma nan ne ƙarshen gabas na Hanyar Siliki, inda fataken Farisa da na Larabawa ke sauke kaya a Kasuwar Yamma. Bahaushe kan ce "ko a birnin Sin ne" idan yana nufin wuri mai nisan gaske. To, a zamanin Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, babban birnin Sin shi ne wannan da za ka je. Littattafan tarihin Tang ma sun rubuta isowar jakadun Larabawa a 651, lokacin halifancin Sayyidina Usman.

Cikakken yinin ka ba sojojin yumɓu, waɗanda aka ce maka gumaka ne. Ba abin bauta ba ne, ba a taɓa yi musu sujada ba. Kayan kabari ne na sarki Qin Shi Huang, wanda ya haɗe ƙasar Sin a shekara ta 221 kafin haihuwar Annabi Isa, ya mutu a 210. Ya sa aka ƙera masa runduna ta ƙasa, kowane soja tsayin mutum, don su tsare shi bayan mutuwa. Hukuncin kallon mutum-mutumi na malamai ne, ka tambayi wanda ka yarda da shi. Abin da ke wurin dai shi ne zan faɗa maka.

A 1974 wasu manoma a Lintong suna haƙa rijiya saboda fari, sai suka riƙa cin karo da gutsattsarin yumɓu. Yanzu ana ƙiyasta sojojin sun kai 8,000, ban da dawakai da kekunan yaƙi. Ramuka uku ake shiga. Na farko shi ne babba, tsawonsa mita 230, faɗinsa 62, an lulluɓe shi da rufi kamar wurin ajiye jirgin sama. Kana shiga za ka gan su jere a ƙasa sahu-sahu suna fuskantar gabas. Kowa a bakin ƙofa yake cunkushewa don hoto. Kai ka bi gefe ka zagaya har ƙarshen ramin, inda ma'aikata ke harhaɗa waɗanda suka farfashe, domin kusan dukkansu a fashe aka tono su. Za ka ga soja ba kai, an ɗaure ƙirjinsa, ga gutsattsarinsa a gefe an sa musu lamba. A ginin rami na biyu akwai maharbi a durƙushe cikin gilashi. Zagaya bayansa ka dubi tafin takalminsa: har ɗinkin ƙasan takalmin sai da maginin ya fitar. Abin da na san zai burge ɗan kasuwa shi ne an yi su ne gaɓa-gaɓa, kai daban, hannu daban, sannan a haɗa a gyara fuska, kuma an buga sunan magini ko hatimin ma'aikatarsa a jikin da yawa daga ciki, don a san wanda za a kama idan aiki ya ɓaci. Shekara fiye da dubu biyu ke nan. Da launi aka binne su, amma fentin yana barewa cikin mintuna da zarar ya sha iska. Shi kansa kabarin sarkin, wani tudu ne can gefe, har yau ba a buɗe shi ba.

Wurin yana da nisan kusan kilomita 40 gabas da gari. Ka sayi tikiti ta intanet da lambar fasfonka tun kana Guangzhou, ka riƙe fasfon a jikinka domin da shi ake shiga. Ka fita da sassafe ka isa ana buɗe ƙofa, awa uku sun ishe ka. Kada ka bi 'yan kamashon da ke tare mutane a tasha suna cewa ga mota kai tsaye, don sai sun bi da kai shagunan tsaraba kafin ka ga soja ɗaya. Ka riƙe ɗan guzuri, ka dawo gari ka ci abincin kirki.

Batun abinci da salla kuwa, a nan hankalinka zai kwanta fiye da Guangzhou. Bayan Hasumiyar Ganga akwai unguwar 'yan ƙabilar Hui, Musulmi ne da suka gaji addinin kaka da kakanni. Cikin wani lungu mai suna Huajue, bayan ka ratsa masu sayar da tsaraba, za ka iske Babban Masallaci. Mutanen wurin suna cewa an kafa shi a 742, amma ginin da za ka gani yawancinsa na zamanin daulolin Ming da Qing ne. Kada ka nemi kubba ko doguwar hasumiya. Tsakar gida ce bayan tsakar gida, da ƙofofin katako da itatuwa da rufi mai lanƙwasassun baki, har sai ka ɗauka fadar wani sarki ka shiga. Sai ka ɗaga kai ka ga rubutun Larabci da aka ja shi da salon alƙalamin Sin. Zauren sallar yana can ƙurya, yana ɗaukar kimanin mutum dubu, an sassaƙa ayoyin Alƙur'ani a allunan katako a bangonsa. Masu yawon buɗe ido a bakin ƙofa suke tsayawa, kai kuwa sallama za ka yi ka shiga. Abu biyu kada su ruɗe ka. Alƙibla a can yamma take, mu da muka saba cewa "fuskanci gabas" sai mun yi hattara a ɗakin otal. Sannan su Hanafawa ne, za ka ga 'yan bambance-bambance a salla, la'asar ɗinsu ma takan ɗan ja baya. Limaminsu "ahong" suke ce masa. Idan da hali ka daidaita tafiyar ta haɗa da Juma'a.

Alamar halal, wato 清真, ka riga ka san ta daga unguwar Xiaobei a Guangzhou, ana karanta ta "cingjen". Ita za ka duba, don rubutun Larabci ya yi ƙaranci a allunan shaguna a 'yan shekarun nan. Babban titin Beiyuanmen na baƙi ne, ga hayaniya ga tsada. Ka shiga ciki zuwa Dapiyuan ko Sajinqiao inda 'yan gari ke ci. Ka nemi yangrou paomo. Za a miƙo maka kwano da gurasa mai tauri guda ɗaya ko biyu, kai za ka zauna ka gutsuttsura ta da hannu, ƙanana kamar ƙwayar wake. Aikin yakan ci minti ashirin, kuma idan ka yi ganda ka bar manya-manya, romon ba zai ratsa ba. Sai a karɓi kwanon a ba ka lamba, a dafa gurasar cikin romon rago da nama da siririyar taliya, a kawo maka da tafarnuwa mai zaƙi-zaƙi da yaji. Mutumin Kano da ya san gurasa ba zai ji baƙunta ba. Akwai tsiren rago ma a kan tsinke. Inda za ka kula shi ne roujiamo, burodi da aka tsaga aka cusa nama: a unguwar Musulmi naman sa ne ko rago, a sauran gari kuwa na alade ne.

Yammacin ranar da ka sauka ka hau ganuwa ta Ƙofar Kudu. An gina ta a shekarun 1370, farkon zamanin Ming, zagayenta kusan kilomita 14, tsayinta mita 12, samanta kuma ya fi wasu titunanmu faɗi. Ana ba da hayar keke a kai, awa ɗaya da rabi zuwa biyu ka zagaye. Duk Bakanon da ya hau sai badala ta faɗo masa a rai, ni ma ban tsira ba.

Safiyar tafiyarka, idan jirgin na yamma ne, ka leƙa hasumiyar Dayan mai hawa bakwai, wadda aka gina a 652 don ajiye littattafan da malamin addinin Buda Xuanzang ya kawo daga Indiya. Ganinta daga fili ya wadatar. Gidan tarihin Shaanxi yana da kyau ƙwarai, sai dai tikitinsa yakan ƙare kwanaki kafin ranar. Dutsen Huashan kuwa ka bar shi, yini guda yake so da gwiwa mai ƙarfi.

Ka duba kalanda kafin ka yanki tikiti. Makon farko na Oktoba, da farkon Mayu, da hutun sabuwar shekararsu, duk ƙasar ce ke fita yawo, ramin farko ma sai dai ka ga ƙeyar mutane. Idan kuma tsakanin Disamba da Fabrairu ne, rigar sanyin da kake sawa a Guangzhou ba za ta yi ba, can ruwa ƙanƙara yake zama. Ka sayi mai kauri da safar hannu kafin ka tashi.