Amsar tambayar Yaya kan ciwon huhun Baba

Assalamu alaikum. Yaya, na saurari saƙonki, sai yanzu na sauka daga aiki. Kin ce an sallamo Baba, likita ya ce limoniya ce, wato ciwon huhu, kina tambaya ko a ware masa kwano da kofi, a kuma hana yara shiga ɗakinsa. Na ji Goggo ma tana cewa fanka ce ta jawo masa.

Goggo, a gafarce ni, fanka ba ta da laifi, haka ruwan randa. Ƙwayar cuta ce ke shiga huhu, ƙananan jakunkunan iska su cika da ruwa da mugunya, numfashi ya gagara. Abin da ya sa muke ɗora wa sanyi, da hunturu ne mura ke yawa, ƙura ta busar da hanci da maƙogwaro, mu kuma mu toshe taga da tsumma mu kwanta mutum shida a ɗaki guda. Wanda ya yi tari ko atishawa ya watsa ƙwayar, saura su shaƙa. Wani lokaci ma ƙwayar tana zaune a hancin yaro mai lafiya garau, sai mura ko ƙyanda ta raunana shi ta gangara huhu.

To Yaya, ware kofin ba laifi, a wanke da sabulu ya wadatar. Amma kar ku ware kwano ku bar taga a rufe, iskar ɗakin ta fi kwanon muhimmanci. A buɗe da rana. Majinar da yake tofarwa a gwangwani, a rufe, a zubar a masai, mai zubarwa ya wanke hannu. In tari ya taso masa ya kare baki da hankici. Irin limoniyar da ake ba maganin kashe ƙwayoyin cuta, in an yi kamar kwana 2 ana sha, yaɗuwarta na raguwa sosai. Sai dai ya shanye maganin duka. Na san Baba, yana jin sauƙi zai tura shi ƙarƙashin filo.

Yara manya su gaishe shi daga bakin ƙofa, kar a mai da shi kamar wanda aka guda. Jaririyar amarya ce damuwata. Wata 2 gare ta, kar a kai masa ita ya ɗauka sai tarin ya lafa. Wannan ciwo yana ɗaukar yara sosai. A 2019 kaɗai, Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce ya kashe 'yan ƙasa da shekara 5 sama da 740,000.

Amarya, ki duba katin rigakafin jaririyar. Akwai allurar rigakafi ta PCV da Penta, masu taimakawa wajen kare yara daga limoniya, a sati 6, sati 10, sati 14, kyauta ne a asibitin gwamnati. In an tsallake ɗaya a koma, ba a sake farawa daga farko. Nono zalla har wata 6, ko ruwa kar a ba ta. Sannan don Allah kaskon garwashin nan da turaren wuta da kuke turnuƙe ɗaki da su, a fitar waje. Kar kuma a goya ta a tsaya kan murhun itace.

Ga abin da nake so kowa ya iya. In yaro na tari da zazzaɓi, ki bari ya natsu, ki ɗaga rigarsa, ki sa agogon waya, ki ƙirga tashin cikinsa na minti ɗaya cif. Ƙasa da wata 2, numfashi 60 a minti ya yi yawa. Daga wata 2 zuwa wata 11, 50. Shekara 1 zuwa 5, 40. In kuma kin ga ƙasan haƙarƙarinsa na lotsawa ciki duk lokacin da ya ja numfashi, ko ya ƙi kama nono, ko ana tashinsa yana komawa barci, ba zancen kemis ba ne, ba zancen shafa man zafi ba ne. Asibiti, ko da tsakar dare.

Shi ma Baba, in kuka ga yana haki ko ya fara rikicewar magana, a mayar da shi. In tarin ya wuce sati 2 a gwada majina saboda tarin fuka.

Gobe bayan la'asar zan biyo in sha Allah. Amarya, ki ajiye min katin a kusa.