Ɓeran Masar ba gyazbin gida ba ne

Ɗan'uwa da ka tambaya ko ɓeran Masar shi ne gyazbi, wato akrantie a bakin Asantawa, da aka mai da na gida, kuma ko za a haɗa su su haihu: don Allah kada ka gwada. Na daɗe ina kiwon su duka biyu a bayan gidanmu a Aboabo, nan Kumasi, kuma da wannan zaton na fara. Na taɓa sa su keji ɗaya, kafin gari ya waye gyazbin ya yage wa ɓeran Masar ɗin kunne, na tarar da shi a lungu yana kyarma. Har yau abin yana damuna.

Sunan ma yana ruɗa mutane, domin ba daga Masar ya fito ba. Asalinsa tsaunukan Andis ne a Kudancin Amurka, wajen Peru da Bolibiya, inda aka yi shekaru dubbai ana kiwonsa don nama. Danginsa na daji suna can har gobe, 'yan ƙanana masu launin ƙasa-ƙasa, babu wannan rodi-rodin fari da ja da muka saba gani. Yawancin masana sun ce daga wanda ake kira Cavia tschudii aka samo shi. Babban yayansu shi ne kafibara, wanda kan kai kilo 50, ga shi gwanin iyo, ba ya nisa da bakin ruwa.

Shi kuwa gyazbi ɗan Afirka ne. Akwai zumunci, amma na nesa ƙwarai, irin wanda ya haɗa su da beguwa, wadda Asantawa ke kira kotoko. Inda suka yi kama shi ne haihuwa: 'ya'yan kan faɗo da gashinsu, ido buɗe, suna tafiya ranar. Amma cikin ɓeran Masar wata 2 ne da 'yan kwanaki, na gyazbi kusan wata 5. Ɗaga su ka duba, gyazbi na da wutsiya, wancan babu.

Abincinsu ma ka raba. Gyazbi sai rake da karan masara da ciyawa mai kauri. Ɓeran Masar jikinsa ba ya yin bitamin C, kamar mu. Wani hunturu na bar nawa da dusa zalla, ƙafafunsu suka kasa ɗaukar su, sai da na koma tsinto musu ɗanyen ganyen kabeji a kasuwar Asawase kowace safiya suka miƙe.