Tambaya da Amsa: Tsofaffin 'yan tsanan Musclor da zafin Yamai

Tambaya: Malam, na sayi 'yan tsanan roba guda uku a wurin wani mai kayan gwanjo a kasuwar Katako, ɗaya daga cikinsu Musclor ne, jarumin katun da muka sani tun muna yara. A bayansa an buga 1981, amma ƙafafunsa sun saki, jikinsa yana danƙo, fentin gashinsa kuma ya koɗe. Shin na asali ne, kuma in sake masa fenti? Daga wani mai karatu a unguwar Boukoki, Yamai.

Amsa: Malam, wanda masu jin Faransanci suke kira Musclor shi ne He-Man. Kamfanin Mattel na Amurka ya fara sayar da shi a 1982, katun ɗin kuma ya biyo baya a 1983. Shekarar da ka gani a bayansa shekarar haƙƙin mallakar siffar ce, ba lallai ba ne ta zama shekarar da aka ƙera shi, domin kamfanin ya ci gaba da amfani da jiki ɗaya ga jarumai da dama a shekarun da suka biyo baya. Don gane na asali, ka duba sunan ƙasar da aka ƙera shi da ke kusa da shekarar, kamar Taiwan, Malesiya, Meziko ko Faransa. Tsohon yana da tsawon kusan santimita 14, gwiwarsa da gwiwar hannunsa ba sa lanƙwasawa, kuma idan ka murɗa ƙugunsa ka saki zai dawo da ƙarfi kamar mai kai naushi. Wanda aka sake fitarwa a 2020 gaɓoɓinsa suna lanƙwasawa.

Game da fenti kuwa, ina roƙonka kada ka taɓa shi. Masu tara irin waɗannan kaya sun fi daraja wanda ya koɗe da fentinsa na asali a kan wanda aka gyara, kuma sun fi neman wanda ya zo da kayansa cikakku, wato gatari da garkuwa da takobi da ɗamarar ƙirji, waɗanda su ne yara suka fi saurin ɓatarwa.

Abin da ya fi damuna shi ne zafinmu. Wata baƙar roba ce mai miƙewa take riƙe da ƙafafun daga ciki, kuma tsufa da zafi suna busar da ita har ta saki ko ta tsinke. Danƙon da kake ji sinadarin da ke tausasa robar ne yake tsattsafowa, zafi kuma yana gaggauta fitarsa. A Afrilu da Mayu, lokacin da zafin Yamai yake haura maki 40, ajiye su a akwatin ƙarfe ƙarƙashin rufin kwano ɓarna ce babba, haka ma jera su a bakin taga inda rana take dukansu.

Ka wanke su da ruwa mai ɗan ɗumi da sabulu marar ƙarfi, ka bi lungunan da tsohon buroshi mai laushi, sannan ka shanya su a inuwa. Kada fetur ko kananzir ko maganin goge fentin farce su kusance su. Ka ware wa kowanne wurinsa a ɗakin da ya fi sanyi, cikin kabad mai murfi saboda ƙurar hunturu, domin roba mai danƙo tana iya manne wa ta kusa da ita ta bar mata tabo. Robar ƙafar ana iya canza ta, amma idan wata rana ka tashi sayarwa, ka gaya wa mai saye cewa ba ta asali ba ce.