Na makara wajen kai takardun lanho, yanzu kunya ta hana ni zuwa biro

Wani ɗan kasuwa mai sayar da kwanon rufi da ƙarfen gini a kasuwar Katako, nan Yamai, ya aiko mana da tambaya. Yana da lambar NIF, wato lambar shaidar mai biyan haraji, kuma ana yi masa haraji a kan ribarsa ta gaskiya. Kwantabul ɗinsa ya bar aiki a farkon shekara, ranar 30 ga Afrilu ta wuce bai kai takardun shekara ba, ga shi an shiga wata na huɗu da makarar. Ya ce: "Ban taɓa cin haƙƙin kowa ba, amma yanzu ji nake kamar ɓarawo. Ko ƙanena da muke shago tare ban faɗa wa ba. Me zan yi?"

Alhaji, Allah ya sanyaya maka. Wanda ya yi niyyar cin kuɗin lanho ba ya rasa barci a kansa. Abin da ya same ka makara ce, kuma doka ta san da ita, ta yanka mata tara. Abin da muke ji maka tsoro shi ne ɓuyan nan, don kuɗin jinkiri yana hauhawa ne da tsawon lokaci. Watan Afrilu ya riga ya wuce, amma watan da kake ciki yana hannunka.

Da yawa daga cikin ƴan kasuwa suna haɗa abu biyu da ba ɗaya ba: kai takardar bayani daban, biyan kuɗi daban. Mutum sai ya ce bari in tara kuɗin tukuna sannan in je. Wannan kuskure ne mai tsada. Ko ba ka da ko dala a aljihu, ka kai takardar. In ka kai, lissafinka ne ke kan tebur. In ka ƙi har suka aiko maka da takardar gargaɗi ka yi shiru, doka ta ba ma'aikatan haraji damar su ƙiyasta maka da kansu, daga abin da suka gani a takardun duwan da na manyan dilolin da kake saro kaya wurinsu. Su ciniki za su gani. Ba za su ga kuɗin hayar shago da na mota da na ƴan dako ba, balle kwanon da ya lanƙwashe a hanya. Daga nan kuma kai ne za ka yi ta fama kana kawo hujjar cewa ƙiyasin ya yi yawa.

Ka fara da zama da alƙalami ka rubuta abin da ya makara, ɗaya bayan ɗaya, don sau da yawa ba takardar shekara kaɗai ba ce. In kana karɓar TVA, wato harajin da ake ɗora wa mai saye a kan kuɗin kaya, bayaninta galibi na wata-wata ne, ana kai shi kafin 15 ga wata mai bi. Haka harajin da ake cirewa daga albashin ma'aikata. A nan ne za mu ce damuwarka tana da tushe, kuma ba za mu rarrashe ka a kai ba. In ka sayar da kaya na miliyan 1 ka ɗora kashi 19 cikin ɗari, jaka 190 ɗin nan ba naka ba ne. Amana ce ka karɓa daga mai saye, za ka cire wadda kai ma ka biya wajen sari, ka miƙa saura. In kuɗin hannunka ba su isa komai ba, wannan za ka fara biya kafin harajin riba.

Sai tattara takardu: bayanan banki daga Janairu zuwa Disamba, faktocin saye da na sayarwa, takardun duwan, rasit ɗin duk abin da ka taɓa biya, da ƙidayar kayan da ke shago ranar 31 ga Disamba. Wannan ƙidayar ita ce ke yawan ɓacewa, kuma in babu ita ribar da za a fitar zato ce kawai. Kada ka manta da takardun kuɗin da aka riƙa cire maka tun a duwan ko wajen sari a matsayin kafin alƙalami na harajin riba. Ana rage su daga abin da za ka biya. Misali, in ribarka miliyan 4 ce, kashi 30 cikin ɗari ya kama miliyan 1 da jaka 200. In an riga an cire maka jaka 500 kuma takardun suna hannunka, saura jaka 700. Mai yiwuwa bashin da ke hana ka barci bai kai yadda kake zato ba. In ma faɗuwa ka yi a shekarar, dole ne ka kai bayani, kuma akwai ɗan ƙaramin haraji da ake lissafawa a kan jimlar ciniki.

Ka nemi kwantabul mai rajista da ONECCA, ƙungiyar ƙwararrun masu lissafi, ko ka je cibiyar CGA da ke taimaka wa ƙananan ƴan kasuwa da lissafi. Ka buɗe masa komai, har cinikin da ba a yanka wa faktir ba. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Kada gaggawa ta sa ka cika takarda da lambobin da ka ƙago don kawai a ce ka kai. Makara tara ce, amma bayanin ƙarya wani laifi ne da ya fi ta nauyi.

Ranar da za ka kai, ka tafi da kofi biyu, a buga wa naka hatimi da kwanan wata. Ka biya abin da za ka iya daga uwar kuɗin, ka nemi mai karɓar haraji ya tsara maka biyan sauran kashi-kashi, a rubuce. Bayan haka ka rubuta takardar neman sassaucin tara, wadda suke kira remise gracieuse: lambar NIF, shekarar da abin ya shafa, dalilin makara a layi biyu ko uku ba tare da dogon ban haƙuri ba, da kofin rasit ɗin abin da ka biya. Alfarma ce, ana iya ba ka ana iya hana ka, kuma tara take shafa, uwar kuɗi tana nan. Amma wanda ya kawo kansa da rasit a hannu ya fi wanda aka je aka kamo ƙarfin magana. Duk wanda ya tare ka a bakin ƙofa ya ce ka ba shi wani abu ya "gyara" maka, ka wuce shi. Kuɗin da ba a ba ka rasit ɗin hukuma a kansu ba, ba ka biya ba.

Shi kuma ƙanenka, ka faɗa masa yau da dare. Kuɗinsa na cikin shagon, kuma muddin ba ku daidaita ba ba za a ba ku takardar ARF ba, wato shaidar kun daidaita da ma'aikatar haraji, wadda sai da ita ake shiga neman kwangilar gwamnati. Gara ya ji daga bakinka, da lissafi a hannunka da ranar da za ka je biro, da ya ji ranar da aka mayar muku da takardun kwangila. Ka ba shi aikin bin bayanan banki, kai ka ɗauki na faktoci, ku sa wa kanku mako biyu.